Keken da Kailu Ya Haɗa

Filinge, Litinin 12 ga Fabrairu 1996

Zuwa ga ɗana Kailu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maigidanka na wurin aiki da duk waɗanda kuke cin kwano ɗaya. Ina fata azumi yana zo maka da sauƙi, kuma kana yin sa yadda aka koya maka, ba irin na ƴan birni masu wuni barci ba. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ƙanwarka Balkisu da kakarka suna gaishe ka.

Saƙonka ya iso jiya bisa motar kasuwa. Ina tsakar gida ina tankaɗe sai ga direba da kansa yana turo abin, rabin unguwa na biye da shi. Shekara uku ban ga rubutun hannunka ba, sai ga shi ɗaure da zare a jikin keke. A tsaye na karanta. Har yanzu rubutun naka yana kwanciya gefe ɗaya kamar geron da iska ta bi ta kansa.

Ban san wanda ya gaya maka halin da nake ciki ba, amma ina zargin Balkisu. Tunda ka ji rabi, ka ji sauran daga bakina. Tun da sojoji suka karɓi mulki a ƙarshen watan jiya, masu taimaka ma forojenmu, shirin nan na karatun manya, suka janye hannu. Motar da ke kai mu ƙauyuka an kulle ta. Ajina na yaƙi da jahilci a Garin Albarka mata ashirin da uku ne, wannan ce shekararsu ta biyu, a watan Mayu za su yi jarrabawa. Anspekta ya tara mu ya ce ba shi da abin da zai yi mana. Duk ajin da ya zo ya tarar a rufe zai soke shi daga takarda, matan kuma su koma farko duk shekarar da Allah ya sa aka sake buɗewa. Ka san wurin. Ta hanyar amalanke kilomita ashirin da biyar ne. Ta hanyar ƙafa tara ne, amma sai mutum ya ratsa rairayin kwari sannan ya hau dutse. Sau biyu na taka da azumi a bakina, gwiwata ta hagu ta faɗa mini gaskiya.

Wannan keke naka ban taɓa ganin irinsa ba. Taya mai haƙora kamar ta babur, kansa miƙe kamar sandar makiyayi, farantin sarƙa uku a gaba, bakwai a baya. Ka ce don duwatsu aka yi irinsa, kuma kai ka haɗa shi guntu-guntu. Dodo mai faci na bakin kasuwa ya zo kallo, ya kewaye shi sau biyu, ya ce, "Madam, wannan ai ba keke ba ne, injin niƙa ne."

Kada ka ɗauka kyauta tana goge magana. Abin da na ce game da barin lise, makarantar sakandare, da ka yi ka koma facin taya yana nan inda na ajiye shi. Amma wanda bai gode ma mutum ba bai gode ma Allah ba. Na gode.

Rabona da keke tun ina koleji. Na ciro wandon marigayi babanka na aikin gandun daji, shi zan sa ƙarƙashin zane, don ba zan ba unguwa abin faɗi ba. Na kuma ga shawarwarinka uku: in rage iskar taya, in fara kama birkin baya kafin na gaba, in koma bitesi, wato giya, mai sauƙi kafin hawan tudu. Na gan su. Ka dai tuna wadda ta koya maka tafiya.

Ka riƙe salla a kan lokaci.

Mahaifiyarka,
Habsatu Manzo

Filinge, 4 ga Maris 1996

Ɗana Kailu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata ka yi Salla lafiya. Ko zafi ya fara muku a Yamai? Nan ya fara leƙowa. Kakarka ta ce in tambaye ka ko kana cin abinci mai ɗumi ko sai burodi da shayi.

Kwana shida na yi ina koyo a gonar bayan gida, inda kara ya kwanta, don in na faɗi in faɗi bisa abu mai laushi. Jiki bai manta ba, tsoro ne kawai ya ƙaru da shekaru. Yanzu na je Garin Albarka sau biyar. Zan gaya maka yadda aka yi ba tare da ɓoye laifina ba, don ban taɓa yarda ku ɓoye mini naku ba.

Ranar farko na bi ta wurin Dodo. Ya latsa taya da babban yatsa ya ce yaron nan ya aiko miki keke da yunwa. Ya buga mata iska har ta yi tauri kamar goruba. A kan jar hanya kam ya yi gudu, har na fara ganin Dodo ya fi ka sani. Ina shiga rairayi gaba ya nutse, kai ya juya, na sauka ban shirya ba. Na tura shi kusan kilomita biyu kafin in tuna takardarka. Na tsinko ƙayar aduwa na danna bakin taya, na rage iskar kaɗan-kaɗan har ta ɗan baje. Kailu, sai ga shi yana tafiya bisa rairayi kamar raƙumi. Wannan ka yi gaskiya, na rubuta maka ita.

Ta biyu kuma a gangara na koye ta. Ina dawowa, dutse ya ja ni, na tsorata na damƙe birkin da hannuna ya fara kaiwa. Ashe na gaba ne. Keken ya tsaya, ni ban tsaya ba. Allah ya sa cikin sabara na faɗa, gwiwar hannu kawai ta goge, wandon babanka kuma ya rufa mini asiri. Ba wanda ya gani sai awaki. Yanzu na ɗaura jan zare a birkin baya, ina kuma ja da jikina baya in zan gangara.

Saura ta uku. Ita ban yi ba, kuma ban ga dalilin yi ba. Na gwada bitesin nan mai sauƙi a gona. Ƙafa tana ta juyawa kamar ta kazar da ke tono, keke kuwa bai tafiya ko'ina. Mace mai shekara arba'in da shida ba ta wannan wasa a gaban mutane. Ni a sanina, abin da mutum bai ji nauyinsa ba bai yi shi ba. Irin wannan neman sauƙi shi ya fitar da kai daga aji. Na bar shi a bitesi mai nauyi, inda kowane taki ɗaya ake ganin amfaninsa.

Matsalar dai ita ce hawan. Ka tuna gawon da ke bakin rijiya a gindin dutse? Nan Baba Yahaya, aminin marigayi babana, yake zama da dattawa kullum da hantsi. Daidai inda ya kamata in tara gudu in afka ma hawan, nan nake sauka in durƙusa in gaishe su, a tambayi kakarka, a tambayi ruwa, a tambayi mutanen gari ɗaya bayan ɗaya. In na miƙe, ga ni a gindin tudu ba gudu ba komai. Na taka, ya ƙi. Sai in tura shi, inda dutse ya yi tsini in saɓa shi a kafaɗa. Jiya Baba Yahaya ya ɗaga murya ya ce, "Ɗiyar Manzo, wai ke ke hawan dokin nan ko shi ke hawanki?" Dattawa suka yi ta dariya. Na ce, "Muna karɓa-karɓa ne, Baba."

Duk da haka aji yana tafiya, kuma da ba don kai ba da yanzu an rufe shi. Wannan ma na rubuta maka.

Ka gaida maigidanka. Ka guji abokan banza.

Mahaifiyarka,
Habsatu

Filinge, 18 ga Maris 1996

Kailu,

Ina fata kana lafiya. Ni ba lafiya sosai ba, kuma ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Gwiwata ta kumbura ta yi kamar ƙwarya. Na je likita, majo, babban malamin asibiti, ya ce in na ci gaba da turin kaya a kan dutse, kafin damina sai an ɗauke ni a amalanke. Shi ya sa ran Laraba na ajiye girman kai. Bayan na gama gaida Baba Yahaya, ina tsaye a gindin tudu, na danna abin sauya bitesin nan naka har ƙarshe, na hau, na taka da ƙarfina duka. Sai ƙara kamar an karya ƙashi. Sarƙa ta zame ta cusa kanta tsakanin faranti da taya, ta ƙi fita. Awa guda ina fama, hannu duk baƙin mai, dattawa na ba ni shawara kowa da tasa, ba wanda ya taɓa hawan keke a cikinsu. Kafin in isa gari rana ta take, mata sun watse sun koma daka. Da anspekta ya zo ranar, da magana ta ƙare.

Mutum ɗaya na tarar zaune a rumfa, Bintu, ɗaya daga matan ajin. Mijinta yana ci-rani a Kurmi shekara huɗu. In wasiƙarsa ta zo, wani ɗan uwansa ke karanta mata, kafin magariba kuwa duk bakin rijiya an san abin da ke ciki, har da abin da miji ke gaya ma matarsa ita kaɗai. Tana da wata wasiƙa da ta iso tun watan azumi, ta ɗaure ta a bakin zane ta ƙi ba kowa. Ta ce sai ranar da za ta karanta da kanta. Ta dube ni ta ce, "Malama, ko kin gaji da mu?"

Mushe Tahiru, abokin aikina, ya ce maganin abin kaɗan ne: in taho da gudu, in ɗaga ma dattawa hannu in wuce, kamar yadda ma'aikata ke yi. Na ce masa ɗiyar Manzo ba za ta wuce aminin ubanta tana bisa abin hawa tana kaɗa masa hannu kamar mai korar kaji ba. In karatun da nake kai ma mata sai na taka wannan kafin in kai shi, me zan koya musu in na isa?

Dodo ya ce in kawo keken ya cire duk wannan tarkace ya bar faranti ɗaya gaba ɗaya baya, kamar na mutanen kirki. Na ce masa ya ba ni mako biyu. Na bi shawararka, ga abin da ta jawo. In kana da abin faɗi, ka faɗa kafin nan. Aikin da aka yi rabi da rabi, ko na makaranta ko na ƙarfe, ƙarshensa ke nan.

Mahaifiyarka,
Habsatu

Filinge, 8 ga Afrilu 1996

Ɗana Kailu,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ina gajiya, ina zafi? Allah ya ba da ladan aiki. Gwiwa ta sace, alhamdu lillahi. Kakarka da Balkisu lafiya lau.

Amsarka ta iso kwana tara bayan tawa. Na yi zaton za ka rama, don na san abin da na rubuta. Ba ka rama ba. Ka ce, "Inna, kada ki daina sauka ma Baba Yahaya. Bitesi ba ya shiga sai ƙafa tana juyawa. Ki sauya shi tun kina tafe, daga wurin dogon surin nan na hannun dama kafin rijiya, ɗaya-ɗaya, ba da ƙarfi ba. In kin isa gawo ki sauka ki yi gaisuwarki a natse. Keken zai jira ki a shirye."

Na daɗe riƙe da takardar. Surin yana nan, Kailu. Sau nawa na wuce shi ban taɓa lura da shi ba. Kai kuwa rabonka da hanyar tun kana ɗan shekara goma kana bin babanka rangadi.

Kafin in gwada sai da na je wurin Dodo in ce ya bar maganar cirewa. Ya durƙusa yana duba inda sarƙa ta goge. Ya ƙirga haƙoran babban farantin baya da yatsa. Ya ce, "Madam, wannan ba na keken nan ba ne. Daga wani aka ciro shi, aka sassaƙa aka zaunar. Wanda ya yi wannan ya san akwai dutse, ya kuma san mai hawan ba yarinya ba ce." Na ce ya kiyayi bakinsa. Ya ce shi dai shekara ashirin yana wannan aiki, bai iya ba. Ashe abin da na kira bitesin malalata, don gwiwata ka sa shi.

Ran Litinin na yi yadda ka ce. Daga suri na fara dannawa, sarƙa tana hawa faranti bayan faranti ba ƙara. Na isa gawo ƙafata na ta juyawa, na sauka, na durƙusa. Ranar ma gaisuwar ta fi tsawo, don an yi haihuwa a gidan ɗaya daga cikinsu, sai da aka yi addu'a. Na miƙe, na yi bisimilla, na hau. Na taka sau ɗaya, ya tafi. Ba gudu, don wata akuya ta wuce ni a tsakiyar hawan har ta waiwayo. Na matso gaban sirdi kamar yadda ka rubuta, na daina kallon dutsen da nake tsoro, na dubi inda nake son taya ta bi. Numfashina kamar zuga-zugin maƙeri. Amma ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba har na fito kan fako, ga rumbunan Garin Albarka a gabana. Daga can ƙasa na jiyo muryar Baba Yahaya: "To! Yau doki ya tuna aikinsa!"

Na tsaya a can sama na sha ruwa. Kwarin duka yana ƙarƙashina, gawo da giginya da hanyar da na biyo kamar zare. Shekara biyu mota na kawo ni nan ban taɓa juyawa na duba ba.

Ran Laraba anspekta ya zo ba sanarwa, a motar da ya aro, ta hanyar amalanke. Ya tarar da mu ashirin da ɗaya muna kan allo. Ya dubi keken jingine da rumfa, ya dubi bakin wandon babanka da ya leƙo ƙarƙashin zanena. Ya sa hannu a takarda. Aji huɗu ya soke a wannan zagayen, namu yana nan.

Layya ta kusa. Ɗakinka a share yake.

Mahaifiyarka,
Habsatu

Filinge, 20 ga Mayu 1996

Zuwa ga ɗana Kailu,

Bayan gaisuwa da addu'a, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya. Ina aiki, ina mutanen wurinku? Nan hadari ya fara haɗuwa ta gabas, manoma sun gama sassabe, ana jiran ikon Allah.

An yi jarrabawa ran Alhamis. Mata goma sha tara sun ci. Huɗun da suka rage na san dalilin kowace, kuma zan koma kansu bayan kaka, ko mota ta dawo ko ba ta dawo ba. Yanzu ina yin facina da kaina. Na yanka tsohuwar roba na shimfiɗa cikin taya saboda ƙaya, ina goge sarƙa duk Juma'a.

Bintu ta ci. Da aka gama, ta koma bayan rumfa ita kaɗai, ta kwance bakin zanenta. Takardar ta yi laushi kamar tsumma. Na hango ta tana bin layi da yatsa, leɓenta na motsi, ta daɗe ƙwarai. Da ta dawo mata suka yi mata ca, me ya ce, me ya ce? Ta ninke abinta ta mayar, ta ce, "Ya ce a gaishe ku." Ba wanda ya sami ƙari a kan haka, har ni.

Ranar suka tambaye ni inda na sami keken. Da, in aka tambaye ni kai, cewa nake yana Yamai, in yi shiru. Ranar na ce ɗana ne ya haɗa shi da hannunsa, aikinsa ke nan. Na rubuta sunanka a allo suka karanta. Baba Yahaya ma na gaya masa. Ya ce in ka zo ka biya ta gawo, yana son ganin wanda ya horar da doki ya kuma horar da ɗiyar Manzo, don shi a saninsa na biyun ya fi wuya.

Ba ka zo Layya ba. Na ajiye maka soyayyen nama har kakarka ta ce in bari Balkisu ta ci kada ya lalace. Ban yi fushi ba, don na san dalili. Na share ɗaki, amma ban share abin da ke bakin ƙofa ba.

Ranar da ka tafi, kana riƙe da jaka a zaure, na ce maka mai karatu na haifa, ban haifi mai faci ba. Shekara uku ina taka wannan magana da ƙarfi ina ganin nauyinta shi ne gaskiyarta. Har gobe ina cewa da ka ƙarasa lise da ya fi, kuma rubutunka yana son gyara. Amma waccan magana na janye ta. Ka yafe mini. Ba zan iya faɗin wannan da baki in kana gabana ba, kuma ba zan sake rubuta shi ba, saboda haka ka adana takardar.

Birkin baya ya fara kuka in na gangara. Dodo ya ce zai duba, na ce a'a, keken yana da mai shi. Motar kasuwa tana tasowa daga Yamai duk Asabar. Ka taho da kayan aikinka kafin ruwa ya sauka ya ɓata hanya.

Allah ya yi maka albarka, ya sa albarka a hannunka.

Mahaifiyarka,
Habsatu Manzo